Memorin da Ya Ƙi Karɓar Muryar Malam

Ni ban iya rubutu ba. Ko sunana aka rubuta a jikin buhu, sai an gaya mini nawa ne. 'Yata ce zaune a gabana da biro, ina faɗi tana rubutawa. Na gaya mata kada ta gyara mini magana, in kuma na tsaya kuka ta ajiye biron ta jira, don kukan nan ba ya neman izinina kafin ya zo.

Malam, mijina, da damina ya rasu. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuwa yanzu zan fara ba. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya, ya dawo zauren gidanmu a Unguwar Shanu ya ci gaba da tuƙa mutanen unguwa da baki. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ba wani dogon ciwo ba. Ranar da zai kwanta ma sai da ya yi mini faɗa wai na cika kanwa a miyar kuka, na ce masa in bai so ya tashi ya dafa tasa. Kusan maganar kirki ta ƙarshe ke nan da muka yi. Har yau in na ɗauki kanwa sai hannuna ya tsaya.

Da ido ya fara yi masa gardama, ya daina ganin ƙananan baƙaƙen waya, sai 'yarmu ta koya masa aika saƙon murya: ka danne wuri ɗaya da yatsa, ka yi maganarka, ka saki, ta tafi. Ai kuwa ta jawo wa kanta. Ita malamar makaranta ce, tana aure a Hayin Banki, nan kusa da mu, amma kullum da hantsi sai ya aika mata labarin duniya kamar wadda ke ƙasar waje. Ina tsakar gida ina jiyo shi daga zaure: tsadar man fetur, ramin da ke bakin titi, direbobin zamani da suka san hon ba su san birki ba. Ban taɓa sa kunne ba. Wa yake kula da ƙarar famfo ranar da akwai ruwa?

Da 'yan zaman makoki suka watse, gidan ya yi tsit. Na shiga takaba: ba fita, ba kwalli, ba lalle, ba turare. 'Yan kunnena ma na cire na jefa a gwangwanin allura. Hantsi ne ya fi yi mini wuya. Da rana ta ɗan ɗaga sai in ji kunnena ya tafi zaure shi kaɗai, ya dawo hannu rabbana.

Wata rana da la'asar yarinyar nan, 'yata, ta zo ta same ni ina kallon ƙofar zaure. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, kin san Baba yana cikin wayata?"

Na ce, "Ke, bar wasa da abin da ba na wasa ba."

Ta danna. Sai na ji tarinsa, wannan ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya fara kamar mai shirin huɗuba, sannan ya ce, "Salamu alaikum, 'yar Baba, an tashi lafiya? To yau dai ramin nan ya ci tayar wani mai Keke." A bayan muryarsa kuma ga ƙarar taɓarya, dum, dum. Ni ce. Ina daka a tsakar gida, ban san ana ɗaukata ba.

Na yi kuka har mayafina ya jiƙe. Da na samu numfashi na ce, "Sake."

Ashe duk abin da ya taɓa aika mata ba ta goge ko ɗaya ba. Sai dai ita wayar tana bakin mutuwa. A cikin bahon wanke-wanke ta faɗa ranar da gida ya cika da mutane, tun daga nan wani baƙi kamar tawada ya tsiro a kusurwar gilashinta yana yaɗuwa, kullum sai ya ci wani wuri. Ta ce gara ta turo mini su duka cikin tawa kafin baƙin ya rufe. Tawa wayar ita ta saya mini tun tuni, abin da na sani a jikinta kore da ja ne: kore in ɗauka, ja in kashe.

Ta zauna ta yi ta turawa. Sai ga su sun jeru a wayata, layi dogo, kowanne da 'yar kibiya tana nuna ƙasa. Na ce to, Alhamdu lillahi, sun iso.

Ta ce, "Ba su iso ba, Inna. Kamar kaya ne da aka ɗoro a mota, sun sauka a tasha. Sai an danna kibiyar nan an sauke su sannan su shigo gida. In kuma suka daɗe a tasha ba a je an ɗauko ba, sai a neme su a rasa."

Wannan na gane shi sarai. Matar direba ce ni, na san abin da tasha ke yi wa kayan da ba mai shi.

Ta danna kibiya ta farko, waya ta ce cikinta ya cika. Da me ya cika? Ta buɗe ta nuna mini. Matan Islamiyyar unguwarmu sun sa ni a wani zaurensu na waya, kowace Juma'a sai kowace ta aiko furanni masu ƙyalƙyali da barka da Juma'a. Ga bikin 'yar wance, ga sunan jikan wance, ga wani bunsuru da ke bin mai babur. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, amma duk suna zaune a ɗakina suna cin wuri. Ta share su. Duk da haka wurin bai isa ba, don wayar tsohuwa ce, cikinta ƙarami, Malam kuwa in ya fara magana ba ya duba agogo.

Washegari ta biya kasuwar Kawo wajen masu tura waƙoƙi da fina-finai a waya, ta sayo abin da suke kira memori. Na ɗauka wani akwati za ta shigo da shi. Sai ta buɗe tafin hannunta, ga wani ɗan abu bai kai farcen ƙaramin yatsana ba. Gefe ɗaya baƙi, ɗaya gefen da 'yan haƙoran zinariya a jere kamar bakin wanda ya dawo daga Makka.

Na ce, "A nan za ki sa ubanki? Mutumin da kujerar gaban mota ke yi wa kaɗan?"

Ta ce, "Har da abokan hirarsa zai ɗauka."

Ta cire ɗan kunnenta, ta soka tsinkensa a wani ɗan rami a gefen wayar, sai wani ɗan harshe ya zaro. Ta kwantar da memorin a kai, ta mayar. Sannan ta shiga can cikin wayar ta yi 'yan danne-danne, ta ce ta gaya mata daga yau duk abin da aka sauke a kai shi sabon ɗaki, kada a ajiye a tsohon. Ta danna kibiya, wani zobe ya zagaya ya cika, sai ga Malam yana tari. Ta sauke 'yan kaɗan, sabis yana jan ƙafa, magariba ta kawo kai, yara na jiranta a gida. Ta nuna mini yadda zan yi: in danna kibiya, in jira zobe ya cika, in sake dannawa in ji.

"Ki riƙa saukewa a hankali, Inna. Kada ki taɓa wani abu daban."

Na ce me zan taɓa?

Da safe ina share ɗakin Malam sai idona ya faɗa kan kwalbar turarensa a bakin taga, irin mai maiƙon nan da ake ɗiga wa a yatsa. Malam ba ya fita ba turare. Ko goro zai sayo a bakin layi sai ya shafa a gemu, ya shafa a hula, ya murza a carbi. Lokacin yana aiki har sitiyarin motar gwamnati yake shafa wa. Na tsaya riƙe da tsintsiya ina tunani: an ɗauki bawan Allah an sa shi a sabon ɗaki, ko ɗigon turare babu. Ni takaba ta hana ni. Shi kuwa ai ba takaba yake yi ba.

Na buɗe gwangwanin allura na ɗauko ɗan kunnena, wanda ya kwana biyu ba shi da aiki. Idona har yanzu yana zura zare a allura, ɗan ramin nan bai gagare ni ba. Harshe ya zaro. Na ɗaga memorin, na juya shi ta wajen haƙoran, don nan ne fuskarsa a ganina, na ɗiga masa turare, na murza da kyau yadda Malam ke murza carbi. Na mayar da shi na rufe, na wanke hannuna da sabulu saboda takabata.

Wayyo, ranar. Na kara wayar a kunne, muryarsa a kunnena, ƙamshinsa a hancina. Na ji kamar in na juya zan ga gefen rigarsa. Wallahi ban yi nadamar wannan hantsin ba, ko da na san abin da zai biyo baya.

Abin da ya biyo baya shi ne, bayan azahar na danna kibiya, zobe ya zagaya rabi ya tsaya, wani rubutu ya fito. Na danna wata, haka. Na koma kan waɗanda aka riga aka sauke, su ma suka yi gum. Malam da ba a taɓa roƙonsa ya yi magana ba, yau ina roƙo ya ƙi.

Da yarinyar nan ta zo ta karanta rubutun ta ce, "Wai ba a iya saukewa ba, ba ta ga memori ba."

Na ce, "Makauniya ce? Yana cikinta."

Ta kashe wayar ta kunna. Ta ce ko sabis ne, ta fita tsakar gida ta ɗaga hannu sama tana zagaya bishiyar gwaiba kamar mai neman wata. Ta sake shiga can ciki ta duba ko wayar ta manta umarnin da aka ba ta. A ƙarshe ta zaro memorin ta duba shi a hasken ƙofa, sai na ga ta ja numfashi, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, har yanzu gidan nan ƙamshin Baba yake."

Na ce, "Ƙwarai kuwa." Muka zauna muka yi kukanmu tare. Ita ba ta tambaya ba, ni kuma ban ga abin faɗi ba. In ka shafa wa mutum turare ai ba ka bin gari kana shela.

Ta yanke hukunci cewa memorin jabu ne, an cuce ta. Ta koma Kawo, na ji labarin ta tara wa mai shagon jama'a, shi yana rantsuwa kayansa masu kyau ne, ita tana cewa marayu ya cuta. Marainiya mai 'ya'ya a sakandare! Ta sayo wani a wani shagon. Za ta jefar da na farkon na ce ta ba ni, ko jabu ne Malam ya kwana a ciki. Na ƙulle shi a tsumma na sa a gwangwanin allura.

Sabon memori ya kama aiki nan take. Ta sauke wasu, ta tafi tana murna. A daren ranar baƙin nan ya gama cinye gilashin wayarta, wayar ta mutu murus, masu gyara suka ce ruwa ya ci cikinta, ba abin da za a ciro. Ta aiko a gaya mini in yi hattara, yanzu Malam ba shi da wani wuri a duniya sai layin kibiyoyin nan da ke wayata.

Na ce to, tunda haka ne ai sai a ƙara girmama shi. Washegari kuma Juma'a ce, ranar da Malam ke ninka turare. Na ɗauko ɗan kunne. Sabon ɗaki ne, bai kamata a nuna masa bambanci ba. Na ɗiga masa har sau biyu.

Wannan karon ko hantsi bai kai ba. Zobe ya tsaya, sannan wani rubutu daban ya fito, mai tsawo, da wuraren dannawa biyu a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Na ɗaga yatsa. Na ce dama ai ita ce mai albarka. Har yatsan ya kusa sauka sai na tuna abin da Malam ke gaya wa yaran mota: in ka zo mararraba ba ka san hanya ba, ka faka ka tambaya, man da za ka ƙona a tsaye bai kai wanda za ka ƙona a ɓata ba. Na kife wayar a kan tabarma, na ɗora mata faifai.

Da yarinyar nan ta zo ta ɗaga faifan, sai ta dafe ƙirji.

"Inna, kin danna?"

"Na faka."

"Tambaya take ko ta share memorin tas, wai ya lalace. Da kin danna dama, da duk abin da muka sauke ya tafi."

Ta zauna a bakin gado ta riƙe kai. Memori biyu, shago biyu, cuta ɗaya. Ta ce to ba memori ba ne, wayar ce. Ta kira wani mai gyara da wayar maƙwabciya, ya ce a kawo masa ya yi mata filashin. Na tambaya mene ne shi. Ta ce wanke wa waya ƙwaƙwalwa ne, ta dawo kamar ranar da aka saye ta.

"Da kibiyoyin?"

Ta kauda kai. Can ta ce, "Ya ce zai yi ƙoƙari."

Na san ƙoƙarin masu gyara. Malam ya sha kai mota da ciwon ƙafa ta dawo da ciwon ciki. Na ce wayar nan ba ta fita gidan nan. Ta ce, "To Inna, in ta zauna ma kayan suna tasha, kwana suna ƙaruwa. Ko mu gwada mu rasa, ko mu zauna mu rasa." Muka rabu a kan za ta dawo gobe ta ɗauka. Ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba. Na ji kamar an ce mini za a sake fitar da shi daga gidan, a karo na biyu, ina zaune ina kallo.

Washegari ta zo da jakarta. Tana cikin lallashina sai muka ji sanda tana buga ƙasa a zaure, da sallama mai kaifi. Yaya ce, yayar Malam, daga Unguwar Sarki. Ta girme shi nesa, ita ta goye shi. Haƙori ya ƙare mata, ido ya rage saura, amma hancinta ko ɗan kwastan albarka. Tun da na shiga takaba ta naɗa kanta mai duba ni: ko na sa kwalli, ko na leƙa waje, ko zanena ya cika fure.

Ta sa ƙafa a ɗaki ta tsaya cak. Ta ɗaga hanci.

"Wa ya sa turare a nan?"

'Yata ta ce, "Goggo, sannu da zuwa, ga tabarma."

"Ban tambaye ki tabarma ba. Ke amarya!" Haka take kirana tun ranar da aka kawo ni, ga shi har na yi furfura. "Ƙanena ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba, kin fara ƙamshi? Wa kike jira?"

Na ce, "Yaya, wa zai kwashe ni? Ko mai gwangwan ba zai taya ba."

"Miƙo hannu."

Ta shinshina hannuna. Ta shinshina wuyana, ta ja mayafina ta cusa hanci. Ba komai sai warin hayaƙi da man kaɗanya. Ta saki, amma ba ta haƙura ba. Ta bi ƙamshin da sandarta a gaba, ta wuce gado, ta wuce kwanuka, har ta tsaya a kan wayar da ke hannun 'yata. Ta karɓa ta kai hanci.

"To ba ke ba ce. Wayarki ce ta yi kwalliya. Kuma wannan turaren ƙanena ne, ko a kabari na ji shi zan gane."

Na ce, "Nasa ne. Shi na shafa wa. Tunda yana ciki, kin san kuwa ba ya zama ba turare."

'Yata ta juyo a hankali. "Inna. A ina kika shafa?"

"A jikin memorin mana."

"Ta wane gefe?"

"Ta wajen haƙoran."

"Duka biyun?"

"To da in shafa wa ɗaya in bar ɗaya?"

Sai ta zame daga bakin gado ta zauna a ƙasa, dariya ta kama ta har tana buga cinya, hawaye na zuba, ban san na dariya ba ne ko na ɗaya abin. Tana cewa, "Wayyo mai shagon Kawo! Na ce masa Allah ya isa a gaban jama'a!"

Yaya ta ce, "Me ake wa dariya? Ni ban ga laifi ba. Da ni ce ma har hayaƙin turaren wuta zan yi masa."

Da 'yata ta samu kanta ta yi mana bayani. Haƙoran nan ta nan memori ke magana da waya, sai sun taɓa wasu 'yan ƙarafa a ciki, fata da fata. Maiƙo ya shiga tsakani, ƙura ta bi maiƙo ta manne, shi ke nan waya ta daina jin sa. Ta fita da sauri zuwa kemis ɗin bakin layi ta sayo sifirit da auduga. Ta kashe wayar, ta zaro memorin, ta goge haƙoran a hankali har audugar ta yi rawaya, ta canza wata. Ta naɗa 'yar auduga a tsinken tsintsiya ta leƙa da ita cikin ramin, ta share harshen shi ma. Na kwance na farkon daga tsumma, shi ma aka yi masa wanka. Ta jera su a kan faifai ta ce sai sun bushe sarai.

Muka zauna mu uku muna gadin abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Kaza ta leƙo, Yaya ta kai mata sanda.

Da 'yata ta mayar da memorin ta kunna wayar, ba wanda ya yi numfashi. Rubutun nan mai dama da hagu bai fito ba. Ta danna kibiya. Zobe ya tashi, ya kai rabi, inda ya saba tsayawa. Ya wuce. Ya cika.

Malam ya yi tari.

Sandar Yaya ta kuɓuce mata ta faɗi ƙasa. Ba ta taɓa jin saƙonnin ba, ba wanda ya gaya mata akwai su. Ta ce, "Auta? Kai ne?" Sai ga shi yana cewa, "'Yar Baba, goggonki ta zo jiya. Ta cinye mini goro, ta yi wa kowa faɗa har da kaji, ta tafi. Allah dai ya bar mana ita, in ba ita wa zai tsawata mini?"

Yaya ta ce, "Ji ɗan banza! Goron da duk ya bushe!" Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Tun ranar rasuwar ban ga hawayenta ba, ita ce mai cewa kowa ya yi haƙuri. Na matsa na riƙe ta, ta bar ni na riƙe.

Yarinyar nan ta ce yau ba inda za ta sai ta kwashe kayan nan kaf. Ta aika wa mijinta ya ji da yara. Ta bi layin tana dannawa, zobe na cika, tana dannawa. Sai can wajen sama wasu 'yan kaɗan suka ƙi. Ba irin ƙin da ba ne, wani rubutu ne gajere. Na ce me wayar ta ce? Ta yi kamar ba ta ji ba. Na sake tambaya.

"Wai sun daɗe, babu su. Wai a ce wa wanda ya aiko ya sake aikowa."

Ki dakata da biron nan.

To. Waɗannan sun tafi, tasha ta ci. Ba zan taɓa sanin abin da ya faɗa a ciki ba. Ita ta ce wataƙila tsadar mai ce kawai. Na ce ni ko tsadar man ce ina so. Da ban ɗauko kwalbar nan ba da sun shigo gida da 'yan uwansu, na sani, ba kuma sai an gaya mini ba. Amma mafi yawa sun shigo, na farkon nan mai ƙarar taɓaryata ma yana nan a memorin da aka yi wa ƙazafin jabu.

Na ƙarshe a layin shi ne na ranar da ya kwanta. Muryar ta ɗan dushe, zazzaɓin ya fara taɓa shi. Ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar kwatar da ta toshe. Sannan ya rage murya ya ce, "Innarki ta cika kanwa a miya yau, na yi mata faɗa, ta ce in dafa tawa. Na dai cinye, har na sa yatsa na suɗe kwanon da ta juya baya. Kada ki gaya mata, kanta zai yi girma."

Ba ta kuwa gaya mini ba, 'yar ubanta. Sai da ya faɗa da bakinsa.

Kafin ta tafi ta kwafe komai ta zuba a ɗaya memorin, ta ce in ɗaya ya yi gardama ga ɗaya. Ta manne gefen wayar da salatef, ta kuma tafi da 'yan kunnena a jakarta wai sai na fita takaba. Washegari ta biya Kawo ta ba mai shago haƙuri, ya ce ya yafe, amma a gaya wa Hajiya turare a hula ake sa shi.

Shawararsa na bi. Na ɗauko tsohuwar hular Malam, wadda bakinta ya cinye, na ninke na ɗinke ta zama 'yar jaka daidai wayar. Yaya da kanta ta ɗiga mata turaren, ta ce hular ƙanenta ce ba jikina ba, kowa ke da magana ya same ta a Unguwar Sarki. Ta kuma sa an sayo mata nata memorin an zuba mata, har da na goron. Shi ta fi sawa, in ji jikokinta, tana ji tana rama zagin.

Na fita takaba tuni, an dawo mini da 'yan kunnena, ban kuma sake soka su a inda ba kunne ba. Yanzu da hantsi sai in ɗora wayar cikin hularta a kan kujerarsa a bakin zaure, in danna ɗaya, in dawo tsakar gida in kama aikina. Yana can yana faɗa da ramin bakin titi, wanda har yau ba a cike ba. Ina nan ina sa kunne, wani lokaci in ba shi amsa, wani lokaci in ajiye taɓarya in yi kukana in share. Ranar da na kaɗa miyar kuka kuwa, na kanwar nake sawa. In ya zo wajen kada ki gaya mata, sai in ce, "Na dai ji, Malam," in ƙara ɗan gutsure a tukunya.